Iskar Gaban Hadari: Yadda Ake Lissafa Zuwanta

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙaramar hukumar Bagwai, na cikin gari da na Kiyawa, Gadanya, Romo, Gogori, Rimin Dako, Sare-Sare, Kwajali, Dangada da Wuro Bagga, da masunta da 'yan fito na bakin dam ɗin Watari. Yau zancenmu a kan iska ne, iskar nan da ke riga ruwa isowa.

Kowa ya san ta. La'asar ta yi, zafi ya kai inda ya kai, ganye ko motsi ba ya yi. Sai gabas ta haɗe ta yi baƙi, gindin hadarin ya yi ja da ƙura. Kafin uwargida ta gama kwashe shanya sanyi ya bugo, kaji sun ruga, ƙofa ta fara dukan bango. Cikin minti biyar ko goma ta gama aikinta. Ruwa ya biyo baya, ko kuma ya ƙi zuwa gaba ɗaya, a ce holoƙo ne. Gari na wayewa a tarar da kwanon ajin firamare a gonar wani, darni a kwance, rumbu babu jinka, reshen darbejiya a kan wayar lantarki.

To, ana iya sanin ranar da za ta zo da irin wannan ƙarfi tun kafin ta zo? Ana iya kimantawa, ba a iya yankewa. Na san wani dattijo yana kusa da rediyonsa yanzu yana cewa gobe ta Allah ce. Haka ne, Baba, babu mai ja. Amma kai ma in ka fito da hantsi ka ji iska ta juyo daga kudu maso yamma da laima a cikinta, ka ga shamuwa ta dawo, ka kan ce wa yara su gyara iri. Ba duba ka yi ba. Damina hamsin ko sittin da ka gani ka auna da ta bana. Aikin masu hasashen yanayi ke nan, sai dai su a rubuce suke ajiye nasu, da alƙaluma.

Mu fara da inda iskar take fitowa, domin ba daga gefe take tasowa ba kamar iskar hunturu. Daga sama take faɗowa.

Da bazara iska hawa biyu ce a kanmu. Ta ƙasa mai laima ce, wadda ta taso daga tekun Atilantika ta ratso kudancin ƙasar nan. A samanta, kimanin kilomita 3 zuwa 4, akwai busasshiyar iska mai gudu daga gabas. Rana ta gasa ƙasa, iskar ƙasa ta yi zafi ta haura, ta zama gajimare mai tsawon da kan wuce kilomita 15. Ruwa ya fara zuba a cikinsa, ya ratsa busasshiyar iskar nan, wani sashe nasa ya bushe tun bai iso ƙasa ba. Duk inda ruwa ya bushe kuwa yakan bar sanyi. Abin da ke sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi ke nan, tsattsafon jikinta da ke bushewa. Iskar da ta yi sanyi ta fi ta kewayenta nauyi, sai ta rikito. Tana dukan ƙasa ba ta da wurin zuwa sai ta bazu, mafi yawanta ta yi gaba, wato yamma, inda hadarin ya dosa. Sanyin nan da kuke ji kafin ɗigon farko, ita ce.

Wannan ne ya sa hadarin Mayu da Yuni ya fi na marka ɓarna. A farkon damina iskar sama a bushe take ƙayau, ruwa mai yawa yake bushewa a hanya, sanyin ya yi yawa, faɗowar ta yi ƙarfi. Ga ƙasa tsirara, babu shuka da za ta rage mata gudu. A watan Agusta kuwa sama da ƙasa duk sun jiƙe. A yi ruwa kamar ba za a daina ba, amma iska da sauƙi. Masanan da suka yi nazarin awon da aka ɗauka a Yamai a daminar 2006, lokacin wani babban bincike na ƙasa da ƙasa kan daminar Afirka ta Yamma mai suna AMMA, abin da suka tarar ke nan: iskar gaban hadari ta fi ƙarfi kafin damina ta kankama. Sai kuma ƙarshen damina, Satumba zuwa farkon Oktoba, ta sake waiwayowa, lokacin da dawa ta yi kai ta yi nauyi, ta kwantar da ita.

Akwai lissafi ɗaya da nake so kowane magini da kowane kafinta ya riƙe. In gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin bugunta sau huɗu yake ninkawa. Iska mai gudun kilomita 40 a awa tana kaɗa rassa ne kawai. Mai gudun 80 tana dukan rufinka da ninki huɗu na wancan, mai 120 da ninki tara. Shi ya sa rufin da ya yi shekara goma lafiya yake tashi cikin daƙiƙa uku. Daƙiƙa ukun nan ba azancin magana ba ne: bisa ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya, bugun iska ana auna shi ne da gudun da ta kai cikin daƙiƙa 3, a kan sanda mai tsawon mita 10. A Amurka, in bugun ya kai kilomita 93 a awa, ana sa hadarin a jerin masu haɗari.

Yanzu lissafin kansa. Tarihinsa ya faro ne daga filin jirgin sama, domin matuƙa ne suka fi kowa tsoron wannan iska. A watan Maris na 1948 guguwa ta afka wa wani sansanin sojan sama mai suna Tinker a jihar Oklahoma ta Amurka, ta lalata jirage. Aka sa hafsoshi biyu, Ernest Fawbush da Robert Miller, su binciko ko ana iya hango irinta. Suka koma kan tsofaffin takardun awo suna neman abin da ranakun guguwa suka yi tarayya a kai. Kwana biyar bayan ta farko suka ga alamun sun sake haɗuwa, suka yi gargaɗi, ta kuwa zo. A 1954 suka fitar da hanyar kimanta ƙarfin iskar hadari, kuma hanyar mai sauƙin fahimta ce. Ka auna zafin iskar ƙasa kafin hadari. Ka lissafa sanyin da iskar sama za ta iso da shi in ta faɗo. Gwargwadon tazarar da ke tsakanin biyun, gwargwadon ƙarfin bugun. Tazarar nan suka jera a gefe ɗaya, gudun iskar da aka auna a hadarurrukan baya a ɗaya gefen, suka ga suna tafiya tare.

Duk abin da aka gina daga baya a kan wannan tunani yake. Ana tara ranaku dubbai, kowace da alamunta: zafin ƙasa, laimar ƙasa, bushewar iskar sama, gudun iskar gabas, tsawon gajimare. A gaban kowace rana a rubuta abin da ya faru, an yi iska mai ɓarna ko ba a yi ba. In yau ta zo, sai a tambayi kundin: ranakun da suka yi kama da yau, nawa ne a cikinsu suka ƙare da ɓarna? A misali, in ranaku 100 ne masu kama da ita, 30 a ciki suka zo da iska, sai a ce yiwuwar kashi 30 cikin 100 ce. A da da hannu ake yi. Daga 1972, bayan aikin wasu masana biyu, Glahn da Lowry, aka shiga haɗa wannan ƙididdiga da hasashen kwamfuta, domin kwamfutar tana da kuskuren da take maimaitawa, ƙididdigar kuma tana gano shi ta gyara.

Wani zai ce, da kwamfutocin zamani me ya rage na ƙirga ranakun baya? Ai manyan kwamfutocin da ke hasashen duniya baki ɗaya suna yanka sararin sama ne gida-gida, kowane gida faɗinsa kamar kilomita 9 ko fiye. Iskar da muke magana kuwa wani lokaci faɗinta bai kai kilomita 4 ba, ƙarfinta kuma ba ya wuce 'yan mintoci. Tana iya kwashe rufi a ƙauyen Badau, mutanen cikin garin Bagwai su ce su dai ƙura suka gani. Abin da ya fi gidan ƙanƙanta kwamfuta ba ta ganinsa, sai dai ta ga yanayin da ke haifar da shi.

Wanda ya fara nuna wa duniya irin wannan ƙaramar iska mai rikitowa shi ne Ted Fujita, haifaffen Japan, malami a Jami'ar Chicago. Yana bin sawun ɓarnar guguwa daga jirgin sama a 1974 sai ya lura da wuraren da itatuwa suka faɗi suna kallon waje ta kowace fuska, alamar abu ya doki tsakiya daga sama. Da wani jirgi ya faɗi a birnin New York ranar 24 ga Yuni 1975, mutum 113 suka mutu, aka kira shi, ya ce irin wannan iska ce. Da farko masana da yawa ba su yarda ba, sai da na'urori suka tabbatar. Mu ma nan ta taɓa mu inda ya yi ciwo. Jirgin Sosoliso da ya faɗi a Fatakwal ranar 10 ga Disamba 2005, da jirgin ADC da ya tashi daga Abuja zai tafi Sakkwato ranar 29 ga Oktoba 2006, wanda Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a cikinsa tare da mutane da dama, Allah ya jiƙansu, duka biyun bincike ya ambaci juyin iskar hadari a cikin musabbabinsu. Bayan nan ne aka ƙara himma wajen kafa na'urorin gargaɗin iska a filayen jiragen saman ƙasar nan.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan hasashen iskar gaban hadari.

Bari mu tsaya a kan kashi 30 ɗin nan, domin a nan rashin fahimta yake. An ce kashi 30, ba a yi iska a garinku ba, sai a zauna a majalisa ana dariya, ana cewa mutanen nan ƙarya suke yi. Ba haka ake gwada su ba. Mai hasashen da ya ce kashi 30 sau goma, in gaskiya ya faɗa, sau bakwai ba za a ga komai ba. Da a ce duk goman sai an yi iska, to ya yi kuskure, kamata ya yi ya ce kashi 100. Ana gwada shi ne da jimillar maganganunsa na damina guda ko fiye, kuma tun 1950 wani masani mai suna Glenn Brier ya fitar da hanyar ba wa masu hasashe maki a kan haka.

Kuma kada kashi 30 ya yi muku kama da kaɗan. A Amurka, cibiyar da ke hasashen hadari tana lissafa yiwuwar iska mai ɓarna a kewayen kilomita 40 daga inda mutum yake, kuma ko kashi 15 ta ce, jama'a sukan shiga shiri. Dalilin a fili yake. Me ka rasa in ka kwance akuya daga gindin bishiya, ka rufe taga, ka fito daga ruwa da wuri, iskar ba ta zo ba? Rabin awa. Me ka rasa in ta zo ba ka yi ba? Ni a ganina wanda ya yi shiri sau goma a banza bai yi asarar da ta kai ta wanda ya ƙi yi sau ɗaya ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, a yankinmu lissafin yana da rauni. A 2018 wasu masana a Karlsruhe ta ƙasar Jamus suka gwada hasashen ruwan sama da manyan cibiyoyin duniya ke yi wa arewacin Afirka mai zafi, har da yankinmu. Suka tarar ko bayan an gyara shi da ƙididdiga, da ƙyar yake wuce wanda zai buɗe kundin shekarun baya kawai ya ce yawanci a irin wannan mako ga abin da ake yi. Wannan fa ruwa ke nan, wanda ake da ma'auninsa a wurare da yawa. Ina ga iska? Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, tana da ofis a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara har da Hausa, tana kuma ba da gargaɗin tsawa da iska na kwana ɗaya zuwa uku. Amma ma'aunin da ke filin jirgin Kano ba ya jin iskar da ta kwashe kwano a Gogori. Abin da ba a auna ba, ba a kuma rubuta ba, ba ya shiga lissafi.

Inda ake samun ci gaba na gaske shi ne hasashen kusa, na awa ɗaya zuwa shida. Hadarinmu yana da hali mai taimako: jeri yake yi mai tsawo daga arewa zuwa kudu, ya taso daga gabas ya nufi yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa, ya yi awanni yana tafe. Tun 1945 wasu masana biyu, Hamilton da Archbold, suka bayyana wannan a rubutunsu kan yanayin Nijeriya. Taurarin ɗan'adam na Meteosat suna ɗaukar hoton Afirka duk minti 15, sabon da aka harba a Disambar 2022 kuma duk minti 10, har yana ƙirga walƙiya. Shirin African SWIFT, wanda Jami'ar Leeds ta jagoranta daga 2017 tare da NiMet da cibiyar ACMAD ta Yamai da wasu, ya horar da ma'aikata a kan karanta waɗannan hotuna. Hotunan nan ne ma suka nuna wa wani masani, Christopher Taylor, da abokan aikinsa, a binciken da suka fitar a 2017, cewa manya-manyan hadarurrukan Sahel sun ninka sau uku daga 1982. Tsananin gajimaren suka auna, ba gudun iska kai tsaye ba, amma ya isa a ce dattawan da ke cewa hadarin yanzu ya fi na da fushi ba ruɗin tsufa ba ne.

Wannan tafiya daga gabas ku ma kuna iya cin moriyarta da wayar da ke aljihunku. Hadarin da ya doki Ringim da ƙarfe huɗu, in ya riƙe hanyarsa, yana Bagwai wajen ƙarfe shida. Wanda ke Minjibir, awa ɗaya ta raba ku. In ya iso Dawakin Tofa ko Bichi, mintoci ne. Wa ba shi da ɗan'uwa ko abokin ciniki a ɗaya daga cikin garuruwan nan? Ku yi alkawari da su, in ta bugo musu da ƙarfi su kira. Ku kuma ku kira na Shanono da Tsanyawa. Wani sa'in hadarin zai mutu a hanya ko ya kauce, kamar yadda muka ce game da kashi 30. In kuna son sanin nisansa, ku ƙirga daga walƙiya zuwa tsawa: kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. Amma ku tuna iskar tana gaba da ruwan, wani lokaci da kilomita da yawa.

In kira ya zo, ko gabas ta haɗe, masunta da 'yan fito su ne na farkon motsi. A kan ruwan Watari babu bango babu bishiya da za su rage wa iska gudu, igiyar ruwa tana tashi nan take. Mutanen Bagwai ba su manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, da jirgin da ya taso daga Badau ɗauke da 'yan Islamiyya ya nutse. Wannan ba iska ba ce, lodi aka ɗora wa laifin, a ranar da babu hadari. To ku auna jirgi mai irin wannan lodi a la'asar ɗin Yuni. Malam ɗan fito, in fasinja ya matsa maka, ka nuna masa gabas.

A gida, a rufe ƙofa da tagar da ke kallon gabas. Iska in ta samu shiga ɗaki tana tura rufin daga ciki, ta waje tana tsotsarsa daga sama, su haɗu su ɗaga shi. Yara su shiga ɗaki, su bar tsinton mangwaro. Kwanon da ya tashi sara yake yi. Kada a fake a gindin bishiya ko jikin katangar da ta tsage. Wayar lantarkin da ta faɗi kada a taɓa ta, ko an ce babu wuta.

Aikin rufi kuma da rani ake yinsa. Yawancin rufin da ke tashi ba kwanon ne ke yagewa ba, katakon ne gaba ɗaya ke rabuwa da bango. A ɗaure shi da rodi ko ƙarfen ɗauri wanda aka binne cikin ginin, a yawaita ƙusa a gefe-gefe da kusurwa, domin nan iska take fara cizo, a rage tsawon bakin kwanon da ya leƙo waje. Duwatsu da bulo da ake ɗorawa a kan rufi suna riƙe shi a ƙaramar iska. A babba, a kan mutane suke sauka. Shugabannin makarantu da kwamitin iyaye su duba ajujuwa kafin Mayu, domin dogon rufi ya fi kowanne ba iska wurin kamawa. Itatuwa a jere ta gabashin gida ko gona suna rage mata gudu, in dai an ba su tazara daga ɗaki; a kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar an fara dasa layukan darbejiya don haka tun 1975.

Saura roƙona ga dagatai da masu unguwanni, da malaman makaranta da malaman gona. Ƙasar Bagwai cike take da mutane, gari na ganin gari, gona na jingine da gona. Babu iskar da za ta bi ta nan ba ta da shaidu. A samu littafi guda a kowace mazaɓa. Duk ranar da iska ta yi ɓarna a rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa ta fara, da minti nawa ta yi, da unguwar da ta shafa, da abin da ta karya: reshe ne, ko bishiya ce ta tumɓuke, rufi nawa, an yi ruwa ko holoƙo ne. A rubuta inda itatuwa suka kalla da suka faɗi, abin da Fujita ya karanta ke nan. Mai waya ya ɗauki hoto. Yanzu ma ana kai irin wannan rahoto ga ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha, amma don neman tallafi, kuma yawanci babu lokaci a ciki. Lokacin ne mai bincike yake buƙata, domin da shi zai koma kan hoton tauraron ɗan'adam na wannan minti ya ga irin gajimaren da ya yi aikin. In aka samu littattafai goma na damina biyar, ɗalibi a Jami'ar Bayero ko ma'aikacin NiMet yana da abin da zai fara lissafin Bagwai da shi.

Lokacinmu ya cika. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)